Na ajiye nama na yini guda a Berlin

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da Juma'a daga birnin Berlin na ƙasar Jamus. Ku yi haƙuri da hayaniya, a kasuwar Maybachufer nake tsaye, wadda ake ce wa kasuwar Turkawa. Talata da Juma'a take ci, a bakin ruwan Landwehrkanal. Yau daga safe har dare ba zan taɓa nama ba, tare za mu zaga.

Lokacin da na zo garin nan, babu abin da ya ba ni wuya kamar cin abinci a waje. Ka shiga gidan abinci da yunwa, ka yi ta kallon takarda, zuciyarka ba ta kwanta ba: wannan naman yanka ne? Da wane mai aka soya? Kalmomi uku ne suka sauƙaƙa mini rayuwa, Bio, vegetarisch da vegan, amma sai da na gane kowace gidanta daban.

Bari mu shiga wannan shagon na Bio Company ku gani da idonku. Kun ga wannan tambarin, ganye da aka zana da taurari a kan kore? Na Tarayyar Turai ne, tun 2010 ake sa shi. Wannan mai kusurwa shida kuma da aka rubuta Bio, na Jamus ne, tun 2001. Ma'anarsu, an noma abin ba takin zamani, ba feshin maganin ƙwari na masana'anta, ba irin da aka sauya wa ƙwayar halitta. Ga ƙwai, bari in matso da kyamara. Kowane ɗaya da hatimi a ɓawonsa. Idan lambar farko 0 ce, kazar kiwon Bio ce. Idan 1 ce tana fita yawo, 2 a cikin ɗaki take, 3 a keji. Ni wannan tsari yana burge ni ƙwarai, mai saye ya san yadda aka riƙe dabbar kafin ya sa hannu a aljihu. Akwai tsada kam, ba zan ɓoye muku ba.

To amma ku dubi firjin can. Naman alade ne, da tambarin Bio ɗinsa tsaf. Don Allah ku riƙe wannan: Bio maganar noma da kiwo yake yi, ba ruwansa da halal, ba ruwansa da ko akwai nama ko babu.

Sai vegetarisch: ba nama, ba kifi, amma akwai madara, ƙwai da zuma. Shi kuwa vegan, duk abin da ya fito daga jikin dabba an cire. Kalmar a Ingila aka ƙirƙiro ta a 1944, lokacin da Donald Watson da abokansa suka kafa ƙungiyarsu. Alamar ita ce wannan da'irar rawaya mai koren V. A wurin alewa take yi mini rana, saboda irin alewar nan mai danƙo yawanci da jelatin ake haɗa ta, shi kuma sau da yawa daga fatar alade yake fitowa. In na ga vegan, wannan fargabar ta wuce.

Yanzu mun iso Sonnenallee a unguwar Neukölln, titin Larabawa. Mutanen nan sun daɗe suna sayar da abincin vegan tun ba a sa masa suna ba. Ku ji ƙarar falafel, irin ƙosan Larabawa, cikin mai. Yanzu aka tsamo shi, waje ƙamas, ciki kore shar saboda ganyen da aka markaɗa da waken. Ga humus, wato markaɗaɗɗen wake da riɗi, an kwarara masa man zaitun, ga tumatir, ga burodi da zafinsa yana ƙona yatsa. Abu ɗaya, farin romon da ake zubawa wani lokaci da yogot ake yi. Wanda yake son vegan zalla ya ce a ba shi na riɗi.

Berlin ta yi nisa a wannan harkar. A nan aka buɗe kantin Veganz a 2011, a lokacin babu kayan dabba ko ɗaya a cikinsa. Akwai ma gidan abinci mai suna Cookies Cream da ya sami tauraron Michelin, lambar yabon manyan gidajen abinci, ba tare da ya dafa nama ba. Har doner, irin shawarmar Turkawa, da tsiran Jamusawa ana yin na seitan, wato a kwaɓa alkama a yi ta wankewa har sitaci ya fita, a bar danƙon mai tauna kamar tsoka.

Magariba ta kusa, mun zo wurin ƙarshe, wani ɗan gidan abincin 'yan Biyetnam a Friedrichshain. Da yawansu sun zo aikin kwantiragi ne Jamus ta Gabas a shekarun 1980, suka zauna. Komai na nan vegan ne, amma duk da haka sai na yi tambaya, domin giya ma daga tsiro take. Ana yin giyar inabi mai tambarin vegan, kuma masu girki suna zuba ta a miya ko kayan zaƙi. Wannan ne ramin da na fi jin tsoron 'yan'uwa su faɗa. Ku haddace: Ist da Alkohol drin? Wato, akwai giya a ciki? Ba wanda zai ji haushinka, sun saba.

Na tambayi baiwar Allahn da ta kawo, ta leƙa kicin ta dawo ta ce babu. Ga kwanon nan yana tururi, taliyar shinkafa a ƙasa, soyayyar awara a sama ta sha romo, ga citta, ga na'a-na'a, ga yankan lemun tsami a gefe. Bari in jingine kyamarar da wannan kofin in sami hannu. Bismillah, sai mun haɗu a bidiyo na gaba.