Darasi: Yadda Ake Girbin Ƙanƙara a Tafki

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yau za mu leƙa yankin Boston na ƙasar Amurka, zamanin da ba a san firiji ba, mu ga yadda ake girbin ƙanƙara a kan tafki.

Aikin Janairu da Fabrairu ne, lokacin da sanyi ya kai intaha, ruwa ya daskare. Da farko a huda, a auna kauri. In bai kai kamar ƙafa guda ba, ba a hawa da doki. Sannan a share dusar ƙanƙarar da ta zuba a kai, domin muddin tana nan, sanyi ba ya ratsawa, ta ƙasan ba ta ƙara kauri.

To, ku saurara da kyau, nan gwanintar take. Doki mai takalmin ƙarfe mai tsini shi ke jan wata garma mai haƙora, wadda wani mutumin yankin mai suna Nathaniel Wyeth ya ƙera a 1825. A ja layi a tsaye, a ja a gicciye. Amma ba a barin garmar ta huda har ruwa, don mutane da dawaki a kai suke tsaye. Ragowar sai da dogon zarto da sandar ƙarfe. Kowane doki kuwa akwai igiya a wuyansa. In ya rufta, da ita ake janyo shi. Aiki ne na sai da rai.

Gutsattsarin da aka yanka, kan ruwa ake tura su da sanda mai ƙugiya har bakin rumbu. Rumbun bango biyu gare shi, an cusa garin katako a tsakani. Masu sayar da ƙanƙara da azumi sun san wannan dabarar: garin katako da buhu, zafi ba ya saurin shiga.

Har ƙasashe masu nisa ake kai ƙanƙarar nan. Ka ce za ta narke a hanya? A 1833 wani ɗan kasuwar ƙanƙara mai suna Frederic Tudor ya loda tan 180 a jirgin ruwa daga Boston zuwa Kalkata ta Indiya. Tafiyar wata huɗu, amma kusan tan 100 ya isa. Sirrin shi ne jeri: tunda garmar Wyeth daidai wa daida take yankawa, ana manne gutsattsarin ba kafar da iska za ta bi.