Gashin Halitta da Maganganun Mutanen Gida

Zainabu: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Yamai. Ni ce Zainabu, tare da ni kuma kamar kullum akwai Hajiya Ramatu, wadda ta daɗe tana sana'ar kitso a unguwar Bukoki, da Malam Sani, malamin kimiyyar sinadarai a makarantar sakandare. Yau za mu tattauna a kan macen da ta daina shafa man miƙar da gashi, wanda a shagunan gyaran kai na Yamai ake kira defirizan, ta bar gashinta yadda Allah Ya halicce shi, sai ta tarar mutanen gidansu ne kan gaba wajen sukarta. Hajiya, me ya sa a wurinmu sukar take fitowa daga cikin gida?

Hajiya Ramatu: Wa alaikumus salam. Ai dalilin a fili yake, ƴata. Macen Yamai ko ta Tawa idan za ta fita kasuwa ko wurin aiki, kanta a rufe yake da kallabi, sau da yawa ma da hijabi a sama, saboda haka shugabanta a ofis bai san ko gashinta miƙaƙƙe ne ko murɗaɗɗe ba. Masu ganin kanta a buɗe su ne mahaifiyarta, da gwaggonninta, da yayyenta mata, da mijinta, da uwar mijinta, sai kuma mu makitsa. Duk wanda zai yi magana a kan gashinta, to mutum ne da take jin nauyinsa, kuma ba za ta iya juya masa baya ta tafi ba.

Malam Sani: A wasu ƙasashen kuwa rigimar a makaranta da wurin aiki take. A shekarar 2016 ɗalibai mata a wata makarantar sakandare ta birnin Pretoria, a Afirka ta Kudu, sun yi zanga-zanga saboda ana matsa musu su miƙar da gashinsu. A 2019 jihar Kalifoniya ta Amurka ta kafa dokar da ta hana nuna wa mutum bambanci saboda yanayin gashinsa ko kitsonsa, a watan Maris na 2024 kuma majalisar wakilan Faransa ta amince da ƙudiri mai irin wannan manufa. Doka tana iya tsawata wa shugaban makaranta ko mai kamfani, amma babu alƙalin da za a kai wa ƙarar gwaggo.

Zainabu: Saƙonnin da muke samu kusan kalamai iri ɗaya suke ɗauke da su. Wata a ce mata, "Lafiyarki kuwa?" Wata a ce, "In kuɗin gyaran kai ne babu, ki faɗa a ba ki." Wadda ta fi ciwo ita ce, "Wa zai ɗauke ki da wannan kan?" Hajiya, idan dattijuwa ta faɗi haka, me take nufi a zuciyarta?

Hajiya Ramatu: Ba duka ne suke nufin abu ɗaya ba, kuma a nan ƴan mata suke kuskuren fahimta. Mu a tarbiyyar da muka tashi a cikinta a Adar, mace ba ta zama da tsefaffen kai sai tsakanin tsifa da sabon kitso, wuni ɗaya ko biyu. Idan aka ga kai ya kwana biyu a tsefe, to ko dai tana jinya, ko wani baƙin ciki ya same ta, ko kuwa ƙazama ce. Saboda haka idan dattijuwa ta shigo ɗaki ta ga jikanyarta ta taje gashi ya tashi sama ta bar shi haka, abin da idonta yake gani shi ne kan da aka yi watsi da shi. Ita kanta wannan dattijuwar ba ta taɓa shafa defirizan ba. Da karkashi aka wanke mata kai, da man shanu aka yi mata doka ranar aurenta, tsinken kitso da matsefi su ne kayan aikin. Irin wannan idan ta ga an yi shuku ko zane mai kyau, kai yana sheƙi, maganar ta ƙare, har albarka za ta sa.

Zainabu: Amma akwai wadda ko an yi kitson ba ta daina magana.

Hajiya Ramatu: Akwai, kuma tata ita ce mai dafi. Ita ce wadda tun ranar suna take shafa kan jaririya ta ce, "Allah Ya sa ta ɗauko gashin kakarta Bafulatana." A wurinta gashi mai kyau shi ne mai santsi da tsawo, irin na wasu Fulani da Buzaye da Larabawa, sauran kuwa sai dai a yi haƙuri da shi. A gida ɗaya za ki ga ƴaƴa biyu, ana kiran ɗaya mai gashi, ɗayar kuwa kullum ana yi mata kitso ana tsaki ana cewa kanta ya cika tauri. Yarinyar nan tana jin komai, kuma ba ta mantawa. Na sha ganin matan aure masu ƴaƴa da suke ba ni haƙuri kafin su cire kallabi, tun ban ce komai ba.

Malam Sani: Taurin nan da ake zargin yarinya da shi kuwa ba laifinta ba ne, kuma ba alamar rashin kulawa ba ce. Silin gashi mai santsi idan aka yanka shi aka duba a madubin ƙara girma, kusan da'ira ne. Namu kuwa a ɗan baje yake, kuma ramin da yake tsirowa daga ciki a lanƙwashe yake, shi ya sa yake fitowa a murɗe. Maiƙon da fatar kai take fitarwa yana sauka cikin sauƙi a kan miƙaƙƙen gashi, amma a kan murɗaɗɗe da ƙyar yake kaiwa ƙarshe, sai gashin ya bushe. Ki haɗa wannan da iskar hunturu da ƙurarta, da zafin watan Afrilu da Mayu da yake wuce digiri 40 a nan Yamai, sai ki ga kowace lanƙwasa ta zama wurin karyewa. Gashin yana tsiro kusan santimita ɗaya ko ƙasa da haka kaɗan a wata, amma idan abin da yake karyewa a baki ya yi daidai da abin da ya tsiro a gindi, sai a ce gashin wance ba ya tsawo. Bayan haka yana tsukewa idan ya sha ruwa ya bushe, har ya koma rabin tsawonsa na gaskiya ko ƙasa da haka.

Zainabu: To shi man miƙarwar, me yake yi wa gashin?

Malam Sani: Sinadarin da ke cikin da yawa daga cikinsu shi ne sodar nan da mata suke haɗa sabulu da ita. Tana karya mahaɗan da suka riƙe siffar silin gashi daga ciki, kuma abin da ta karya ba ya sake haɗuwa yadda yake. Sabon tsiro kuma a murɗe zai fito, shi ya sa ake komawa bayan wata biyu ko uku, kuma daidai inda sabon ya haɗu da tsohon nan ne gashi ya fi tsinkewa. Waɗanda ake rubuta wa cewa babu soda a ciki, har da na yara masu hoton yarinya tana murmushi a jikin kwali, wani sinadari ne mai kaifi irin wannan aka sa a madadinta.

Hajiya Ramatu: Wannan kam na gani da idona. Ana shafa wa yarinya basilin a kunnuwa da gefen goshi, a lafta mata man, a ce ta daure. Tana ta murza ƙafa a ƙasa tana cewa yana ci, uwar tana cewa a ƙara ɗan lokaci don ya kama sosai. Washegari sai a kawo mini ita, gashin ya manne da ruwan ƙuna a tsakiyar kai, sai na jiƙa da ruwan ɗumi na bi sili-sili kafin matsefi ya shiga.

Malam Sani: Akwai kuma binciken da cibiyoyin lafiya na gwamnatin Amurka suka fitar a watan Oktoba na 2022. An bi diddigin mata 33,497 na kusan shekara 11, aka ƙiyasta cewa a cikin waɗanda ba su amfani da kayan miƙar da gashi, kashi 1.64 cikin ɗari ne za su kamu da sankarar mahaifa kafin su cika shekara 70, a cikin masu amfani da su fiye da sau huɗu a shekara kuwa kashi 4.05 cikin ɗari. Masu binciken sun ce alaƙa suka gano tsakanin abubuwan biyu, kuma ana bukatar ƙarin bincike kafin a yanke hukunci.

Zainabu: Ashe ke nan yarinya tana da hujjar da za ta kai wa mahaifiyarta.

Hajiya Ramatu: Ni ban ba ta wannan shawarar ba. Ki tuna wa ya fara shafa mata man tana ƴar shekara bakwai ko takwas ana gobe Salla. Uwar ce, da kuɗin da ta tsimi, don tana son ƴarta ta fita tsara. Idan yanzu ƴar ta zo da waya a hannu tana karanto mata maganar sankara, abin da uwar za ta ji shi ne, "Inna, kin cuce ni." Daga nan kunnenta ya toshe. Gara ta ce, "Inna, fatar kaina tana ƙonewa, ina so in huta, ki koya mini yadda kaka take haɗa man kitsonta." Uwa ba ta ƙin a nemi iliminta. Kuma bari in faɗa wa ƴan matan gaskiyarsu, tunda ba su kusa balle su harare ni. Wata za ta kalli bidiyo a TikTok, ta kashe jikkuna a kan mayukan waje alhali man kaɗanya yana nan a kasuwar Katako, sannan ta yi makonni ba ta taje kai ba har ya cukurkuɗe, idan aka yi magana ta ce an tsani gashin halitta. A irin wannan kam gwaggo ce take da gaskiya.

Zainabu: Ku makitsa fa, Hajiya, hannunku a wanke yake?

Hajiya Ramatu: Ina fa. Kitson da aka ja har gira ta ɗaga, da meshi mai nauyi, wato ƙarin gashi, da ake ɗaura wa ƙananan gashin goshi, su ne suke cinye gaban kai, kuma idan abin ya daɗe saiwar takan mutu gashin ya ƙi dawowa. Sau da yawa uwar ce take cewa a ja sosai don ya daɗe.

Malam Sani: Game da meshi, iyaye maza sukan goyi bayan ƴarsu idan ta ƙi, domin hadisin da ya yi hani ga ƙarin gashi sananne ne a wurin kowa, akwai kuma wanda ya yi umarni ga mai gashi ya girmama shi. Uba ba ya shiga maganar kitso, amma idan ya ce a bar yarinya, yawanci ana bari.

Zainabu: Ga saƙo daga wata mai sauraro a Tawa. Ta ce an sa ranar aurenta, kuma a cikin akwatunan da dangin ango suka kawo akwai kwalin defirizan, sannan aka aiko mata cewa uwar ango tana so a gyara kan amarya kafin biki. Ita kuwa ta sha wahala kafin tsohon gashin ya ƙare sabon ya cika. Tana tambaya yadda za ta yi.

Hajiya Ramatu: Da farko kada ta mayar da amsa da bakinta, amarya ba ta musu da surukarta. Ta sami gwaggon da take jin maganarta, ko kuma kakarta, domin kaka tana iya faɗin magana mai nauyi cikin raha a yi dariya a wuce, saƙo kuma ya isa. Sannan a yi mata kitson zare kwana uku ko huɗu kafin biki. Idan aka warware, gashin zai miƙe ya nuna tsawonsa ba tare da wuta ko sinadari ba, a yi mata kitson amare a kai, a shafa mai da turare. Dangin ango abin da suke so shi ne a ga amaryarsu ta yi kyau a gaban jama'a.

Zainabu: A nan ina da ja, Hajiya. Idan sai ta miƙar da shi da zare kafin a karɓe ta, ai ta amince ke nan cewa miƙaƙƙen ne mai kyau, kuma bayan biki za a ci gaba da tsammanin haka daga gare ta.

Hajiya Ramatu: Zare ana warware shi, ƴata, a wanke kai ya koma yadda yake. Defirizan kuwa sai almakashi. Ni na fi so ta shiga gidan da lumana, idan ta zauna aka san halinta, ta yi kitson da take so.

Malam Sani: Ni kuma ina ganin an bar mutum ɗaya a baya, wato angon. Ta tambaye shi kai tsaye tun yanzu ko shi ma ra'ayinsa ke nan. Idan ba shi da damuwa da gashinta, to shi ya kamata ya gaya wa mahaifiyarsa cikin ladabi cewa haka yake son matarsa, domin maganar da uwa za ta karɓa daga ɗanta ba za ta karɓe ta daga ƴar wani ba. Idan kuwa shi ne ya sa aka sayo man, gara ta sani kafin a ɗaura aure.

Zainabu: Kwalin kuma ya za ta yi da shi?

Hajiya Ramatu: Kayan akwati ba a mayarwa, yin haka cin fuska ne. Ta yi godiya tare da sauran kayan, ta sa shi a ƙasan akwati, kuma ta tabbata ƙannenta ƙanana ba su kai hannu gare shi ba.

Zainabu: Mai sauraronmu ta Tawa, Allah Ya sanya alheri, muna jiran ki sanar da mu yadda aka ƙare. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.