Famfo nawa ne ke ba da ruwa?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka.

Makon jiya na halarci bikin cikar wani shugaban ƙaramar hukuma kwana ɗari a kan kujera. An kafa rumfuna, makaɗa sun cashe, aka raba mana takarda mai sheƙi: rijiyar burtsatse kaza, ajujuwa kaza, ɗakin shan magani kaza. A hanyar dawowa na tsaya a ɗaya daga cikin famfunan da aka lissafa. Hannunsa a karye, akuya na kwance a gindinsa, yara kuwa sun wuce da jarkoki sun nufi rafi. Amma a takarda, wannan famfo aiki ne da aka gama.

To, wai da me muke auna ƙananan hukumominmu? Da yawan kwangila da yanka ƙyalle. Ba mai tambaya famfo nawa ne ke ba da ruwa bayan wata shida. Ba mai tambaya dare nawa ungozoma ta kwana a asibitin mazaɓa, ko ɗan aji huɗu nawa ne zai iya karanta sunansa a allo.

A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Mun yi murna. Amma in kuɗin ya shigo babu ma'auni, ai an dai sauya wa ɓarna ɗaki ne.

Wasu za su ce aikin gwamnati ba buhun masara ba ne da za a ɗora a sikeli. Haba! Ghana tun 2014 ake jera gundumominta a teburi guda, ana duba sakamakon jarrabawar yara, ruwan sha da haihuwa a hannun ma'aikatan lafiya, kowa ya ga na gaba ya ga na baya. Ko a nan gida, da Bankin Duniya ya zo da shirin SFTAS na tallafa wa jihohi su tsaftace harkar kuɗinsu a 2018, dala miliyan 750, sharaɗin karɓar kuɗi shi ne jiha ta wallafa kasafinta da rahoton binciken kuɗi a kan lokaci. Gwamnonin da a da ko kallon takardar ba sa bari a yi, sai ga su suna rige-rigen ɗora ta a intanet.

Na yarda, alƙaluma ma ana murɗe su. Shi ya sa bai kamata mai ɗaki ya ba kansa maki ba. A bar kwamitin mazaɓa, da mai unguwa, da matan da ke ɗibar ruwan su ƙirga, a manna sakamakon a ƙofar sakatariya duk wata uku.

Ranka ya daɗe shugaba, mun ji ka haƙa. Famfo nawa ne ke ba da ruwa yau da safe?