Yaushe ƙungiya za ta rabu da kwatabak ɗinta?

Ranar 23 ga Satumba, 2001 ce. Ana daf da tashi daga wasan ƙwallon Amurka na gasar NFL tsakanin New England Patriots da New York Jets. Drew Bledsoe, kwatabak ɗin Patriots, wato madugun 'yan wasansu, ya rungume ƙwallo ya zura da gudu zuwa bakin layi, yana neman ya ƙara 'yan taku. Sai wani ƙaton mai tsaron baya, Mo Lewis, ya taho ya bangaje shi da kafaɗa. Bledsoe ya tashi kamar ba komai, har ya koma fili, ashe jini na zuba a cikin ƙirjinsa. A asibiti ya kwana.

A watan Maris na shekarar nan aka ba wannan mutum kwantiragin shekara 10 na dala miliyan 103. Wanda ya maye gurbinsa kuwa wani siririn yaro ne da aka ɗauko na 199 a zaɓen sabbin 'yan wasa, wato sai da aka tsinci mutum 198 kafin a waiwaye shi. Sunansa Tom Brady. Da Bledsoe ya warke ya dawo, kocin ƙungiyar, Bill Belichick, ya ce ya ci gaba da zama a benci. A watan Fabrairun 2002 suka ɗauki kofin Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar, bayan wata biyu aka miƙa Bledsoe ga Buffalo.

To masu kallo, ga tambayarmu ta yau: yaushe ya dace ƙungiya ta sallami kwatabak ɗinta?

Ga wanda bai saba da ƙwallon Amurka ba, bari mu ɗan share fage. Wannan ba ƙwallon ƙafar da muke kallo a gidan kallo ba ce. Ita ce mai kama da ƙwai, wadda ake sa hular kwano ana karo. Kwatabak shi ne madugu. Kusan duk wani hari ta hannunsa yake bi, shi ke karɓar umarnin koci ta na'urar da ke cikin hularsa, shi ke duban yadda abokan hamayya suka jeru ya sauya shiri, shi ke jefa ƙwallo cikin daƙiƙa biyu ko uku kafin ƙarti su danne shi. A ƙwallon ƙafa za ka iya ajiye ɗan wasan gaba yau ka dawo da shi mako mai zuwa, ba abin da zai girgiza. A nan ba haka ba ne. Mutum ɗaya ke riƙe da gurbin, kuma ba a sarki biyu a gari ɗaya. Ranar da aka zaunar da shi, kowa ya san an buɗe sabon babi.

Sai maganar kuɗi, domin a nan gizo ke saƙar. A gasar NFL akwai iyakar abin da kowace ƙungiya za ta kashe wa 'yan wasanta a shekara. A 2024 iyakar ta kama dala miliyan 255.4, kuma da ita za a biya mutum 53. A wannan shekarar Dak Prescott na Dallas ya sa hannu kan kwantiragin dala miliyan 60 a shekara. Ku auna da kanku. Duk dalar da ta shiga aljihun kwatabak, an hana wani mai tsaron baya ko mai cafe ƙwallo. Babu wani attajiri da zai zo ya zuba kuɗi ya saye duniya kamar yadda ake yi a Turai, ko yana da su ba a yarda ba.

A ɗaya ɓangaren, tun 2011 aka ƙayyade albashin sabbin shiga. Yaro zai yi shekara huɗu yana karɓar ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Brock Purdy, wanda shi ne na ƙarshe ɗungurungum a zaɓen 2022, na 262, ya kai San Francisco wasan ƙarshe a Fabrairun 2024 alhali albashinsa bai cika dala miliyan ɗaya ba. Rarar kuɗin aka yi amfani da ita aka zagaye shi da gwanaye.

Shi ya sa nake ganin masu tambayar "shin kwatabak ɗinmu ya lalace ne?" sun fara da tambayar da ba ita ba. Wanda ya lalace ai ba ya buƙatar shawara, ko makaho ya gani. Mai wuyar shi ne wanda bai lalace ba, yana ci muku wasa tara ko goma a cikin 17, yana kai ku zagayen kifa-ɗaya-ƙwala, a fitar da ku a makon farko, baɗi a sake. Ba ku yi lalacewar da za a ba ku damar zaɓen farko ba, domin a tsarin NFL ƙungiyar da ta fi shan kashi ita ke fara zaɓar sabon ɗan wasa, kuma ba ku yi ƙarfin ɗaukar kofi ba. Kuna nan a tsakiya, shekaru na tafiya.

Ku dubi abin da Kansas City ta yi. Kwatabak ɗinta, Alex Smith, mutumin kirki ne, ba ya zubar da ƙwallo, ba ya jawo magana. Amma a 2017 ƙungiyar ta sadaukar da zaɓenta na farko har na shekara biyu, ta haura daga matsayi na 27 zuwa na 10, ta ɗauko Patrick Mahomes daga jami'ar Texas Tech. Sai ta ajiye shi a benci. Shi kuma Smith, kamar wanda aka tsikara, ya yi kakar da ta fi kowace kyau a rayuwarsa: jifa 26 na cin maki, biyar kacal abokan hamayya suka cafe, kuma shi ya zo na ɗaya a ma'aunin ingancin jifa na gasar gaba ɗaya. Wata ƙungiya da sai ta ce ai da tsohuwar zuma ake magani, ta ƙara masa kwantiragi. Koci Andy Reid bai yi haka ba. Bayan Tennessee ta fitar da su da ci 22 da 21, a wasan da suka tafi hutun rabin lokaci suna gaba da 21 da 3, aka tura Smith Washington. Shekarar da ta biyo baya Mahomes ya yi jifa 50 na cin maki, ya zama gwarzon gasa, a Fabrairun 2020 kuma ya kawo musu kofin da suka yi shekara 50 suna nema.

Abin lura a nan, Reid ba caca ya yi ba. Shekara guda ya yi yana kallon yaron nan kullum a filin atisaye, yana ganin abin da 'yan kallo ba sa gani. Ya ma gwada shi a wasan ƙarshe na kakar, da Denver, lokacin da sakamakon ba zai sauya musu komai ba. Sai da ya riƙe sabon reshe gam kafin ya saki tsohon.

Green Bay ta mayar da wannan al'adarta. Ta ɗauki Aaron Rodgers a 2005 kwatabak ɗinta Brett Favre na kan ganiyarsa, ya zauna shekara uku. Ta ɗauki Jordan Love a 2020 Rodgers na nan, shi ma ya zauna shekara uku. Da Favre da Rodgers, dukansu biyu an rabu ba daɗi, kuma abin dariya, dukansu Jets suka nufa. Rodgers a wasansa na farko can, a hari na huɗu, jijiyar agararsa ta tsinke, kakar ta ƙare masa.

Yanzu ga ɗaya fuskar, ta masu sakin reshe su kama ganye. Cleveland ta ɗauki Baker Mayfield na ɗaya a 2018. A Janairun 2021 ya doke Pittsburgh, nasararsu ta farko a zagayen fitar da gwani tun kakar 1994. Kakar da ta biyo ya buga da ciwon kafaɗa, wasansa ya ja baya, magoya baya suka fara gunaguni. Sai shugabanni suka ba da zaɓen farko na shekara uku, suka ɗauko Deshaun Watson, suka rubuta masa dala miliyan 230 da dole a biya ko ya buga ko bai buga ba. An dakatar da shi wasa 11 saboda zarge-zargen rashin ɗa'a, rauni ya biyo baya, cikin kaka uku wasa 19 ya buga. Mayfield ɗin da aka raina ya yi yawo, ya sauka Tampa Bay, a 2024 ya yi jifa 41 na cin maki. Kafaɗa ce ke ciwo, suka ɗauka mutumin ne ya ƙare.

Kafin a ɗora wa kwatabak laifi, sai an duba masu tare masa gaba, ko suna ba shi daƙiƙu ukun nan. Sai an duba sau nawa aka sauya masa koci. Sam Darnold ya sha zagi a Jets, ya je Minnesota a 2024 suka ci wasa 14. Hannun dai shi ne, gidan ne ya sauya.

Akwai kuma masu riƙewa har ta wuce. New York Giants ta ga Daniel Jones ya yi kaka ɗaya mai ɗan kyau a 2022, sai ta ba shi dala miliyan 160 na shekara huɗu. Kafin ƙarshen Nuwamban 2024 an sallame shi. A tsakani sun bar mai gudu da ƙwallonsu, Saquon Barkley, ya tafi Philadelphia, ya yi gudun yadi sama da 2,000, ya ɗauki kofi. Denver ma haka ta yi da Russell Wilson: kwantiragin dala miliyan 245 tun bai buga musu wasa ko ɗaya ba, bayan kaka biyu aka kore shi, aka bar su da dala miliyan 85 a lissafinsu na mutumin da ke sanye da rigar wata ƙungiya. Wannan shi suke kira mataccen kuɗi. Idan za a rabu, lokacin shi ne kafin a sa hannu kan kwantiragi na biyu. Bayan an sa, ƙofar fita ta yi tsada.

Zan so in ce muku duk wanda ya bi wannan hanya ya tsira, amma Indianapolis na nan. Peyton Manning ya rasa kakar 2011 gaba ɗaya saboda aikin wuya, suka ci wasa biyu kacal, zaɓen farko ya faɗo hannunsu, ga Andrew Luck da kowa ke cewa ba a ga irinsa ba. Ga kuma dala miliyan 28 da za su biya Manning mai shekara kusan 36 idan suka riƙe shi. Suka sallame shi. Ni a wurina daidai suka yi, ko yau aka sake haka za a yi. Amma Manning ya je Denver ya yi jifa 55 a 2013, ya ɗauki kofi a Fabrairun 2016. Luck kuwa duka ya yi masa yawa saboda ba a gina masa katangar kirki ba, a Agustan 2019 ya ajiye wasa yana ɗan shekara 29.

Mu koma inda muka fara. Belichick ɗin da ya zaunar da mai dala miliyan 103 saboda yana da magaji a hannu, ya sake tanadar wani, Jimmy Garoppolo, amma a 2017 aka ba da shi ga San Francisco. Da Brady ya tattara kayansa a Maris ɗin 2020, ba kowa a bayan ƙofa. Aka ɗauko Cam Newton, suka ci bakwai aka ci su tara. Brady yana ɗan shekara 43 ya ɗaga kofinsa na bakwai a Tampa Bay. Aka gwada Mac Jones, ya fara da kyau ya dusashe. A kakar 2023 wasa huɗu suka ci, a Janairun 2024 Belichick ya bar ƙungiyar bayan kaka 24.