Kada ka murtsuke tsutsar nan a jikin gilashin kifinka

Assalamu alaikum jama'a. Ku matso kusa da gilashin nan. Ga tsutsar can, filaneriya ake ce mata, sama da tsakuwa kaɗan, fara, shimfiɗaɗɗiya, tana sulalewa a hankali.

Tun makon jiya wani bidiyo ke ta yawo a zaurukan WhatsApp na masu kiwon kifin ado a nan Akra. An nuna mutum ya sa yatsa ya murtsuke tsutsa a jikin tanki, ya ce magana ta ƙare. Daga Nima, daga Mamobi, har da wata Hajiya daga Madina, tambaya ɗaya ake turo mini: "Malam, na yi yadda aka nuna, me ya sa suke ƙaruwa?" Hajiya, ba laifinki ba ne. Abin da aka nuna miki shi ne yake ƙara su.

Da farko a tabbatar ita ce. Kalli kanta. In ka ga kai mai kusurwa uku kamar tsinin kibiya, da ɗigo biyu baƙaƙe a sama kamar idon harara-garke, to filaneriya ce. Wannan kuma siririya kamar zare, mai mutsu-mutsu a tsakiyar ruwa, tsutsar datti ce, ba ta cutar da komai, kifi ma cinye ta suke yi. Filaneriya ba ta damun babban kifi, amma tana cin ƙwan kifi, tana kama jatan lande da dodon koɗi, musamman ƙanana da marasa ƙarfi. Jikinta kuma da yauƙi marar daɗi, shi ya sa yawancin kifaye ke tofar da ita.

[Hoto: tsutsa ɗaya a faranti, reza a gefe]

To, a nan nake so mu zauna.

Mu Hausawa mukan ce an kashe maciji ba a sare kansa ba. Wannan halitta kuwa, in ka sare kanta ma ba ka gama ba, ƙari ka yi. Ku duba. Na yanka ta gida uku: kai, tsakiya, wutsiya. Na rufe farantin, na ajiye a inuwa. Ga shi bayan kwana uku, ba wanda ya mutu a cikinsu, bakin raunin ya rufe, wani farin nama ya fara tsirowa. Ga shi kuma bayan mako biyu. Kan ya yi wutsiya. Wutsiyar ta yi kai, da idanunta biyu. Tsakiyar ta yi duka biyun. Ƙirga da ni: ɗaya, biyu, uku.

Subhanallah. Ni dai duk sa'ad da na ga wannan sai tsigar jikina ta tashi, ikon Allah ne a cikin abin da bai fi tsawon farce ba.

Dalilinsa shi ne, a kusan ko'ina cikin jikinta akwai wasu ƙwayoyin halitta da ba su riga sun zama komai ba. Suna nan a ajiye, kamar ƙullun da ba a yanke ko ƙosai za a yi da shi ko alala ba. Da an ji rauni sai su taru a wurin, su zama ido, su zama hanji, su zama ƙwaƙwalwa, duk abin da ya ɓace. Wani masani ɗan Amurka, Thomas Hunt Morgan, ya yi ta gwada wannan a 1898, ya gano cewa gutsure ƙanƙane, kashi ɗaya cikin 279 na jikinta, yana iya komawa cikakkiyar tsutsa. Ita da kanta ma haka take yi in tana son yawaita: ta kafa wutsiya a jikin dutse, ta ja kai gaba har ta tsinke biyu.

Yanzu mu koma kan yatsan nan. Jikinta laushi gare shi kamar kamu. Kana dannawa, ba niƙewa take yi gaba ɗaya ba, yagewa take yi. Ka ga waɗannan fararen ɓurɓushin da ke gangarowa? Filta za ta zuƙi wasu, saura su faɗa cikin tsakuwa inda hannunka ba ya kaiwa. Ba kowanne ne zai rayu ba, amma waɗanda za su rayu sun isa. Haka soso, haka reza da ake kankare gansakuka da ita, haka maganaɗisun goge gilashi. Duk aikinsu ɗaya a kanta.

Abin da ake so shi ne ta fita daga tankin a yadda take, ba a yage ba.

Ga sirinji, babu allura. Ka kai bakinsa kusa da ita, ka ja a hankali, ta shige. In suna da yawa, siririn tiyon iska ya fi sauri: baki ɗaya a tanki, ɗaya a bokiti. Abin da ya shiga bokiti kuma, tafasasshen ruwa za ka kwara masa, ko gishiri mai yawa. Don Allah kada a juye su da rai a kwata. Kuma kada ka mayar da sirinjin nan wani tanki sai ka ƙona shi da ruwan zafi.

Wanda ka gani da rana kaɗan ne, ba sa son haske. Saboda haka tarko. Ƙaramar kwalbar roba, ka huda ƙananan ramuka a gindinta da allura mai zafi, ka jefa ɗan gutsuren ɗanyen nama ko jatan lande, bai fi ƙwayar masara ba. Tsakuwa biyu a ciki don ta nutse. Bayan isha'i ka kashe fitila. Da asuba ka ɗaga.

[Hoto: kwalbar da safe]

Ba sai na ce komai ba.

Kada naman ya wuce dare ɗaya a ciki. Da zafin Akra, ga kuma dumsor, wato ɗaukewar wutar lantarki, in ya tsayar da filta, ruwa nan da nan yake ɓaci. Ka maimaita kullum da sabon nama har kwalba ta fara fitowa wayam.

Sauran da sauri. Yawanci a jikin sabon tsiro ko tsakuwar wani tanki suke shigowa, ragowar abinci kuma ke ciyar da su. Na san daɗin da yara ke ji in suna zuba wa kifi abinci, kowa ya zo wucewa sai ya yayyafa. A ware mutum ɗaya a gida, ya ba da abin da zai ƙare cikin minti biyu. Amma yunwa kaɗai ba ta gamawa da su, suna iya yin watanni ba ci, sai dai su ƙanƙance. A zuƙe dattin tsakuwa duk mako. Ruwan famfo ko na tankin gida, a cire masa kulorin kafin ya shiga.

Magani, a ra'ayina, shi ne na ƙarshe. Ana amfani da fenbendazole, maganin tsutsar cikin dabbobi, wanda ke cikin Panacur, akwai kuma wani magani mai suna No-Planaria. Suna aiki, amma suna kashe dodon koɗi, kada garin neman gira a rasa ido. A kwashe dodon koɗin tukuna, a cire gawayin filta. Ƙarfin maganin na gari da na ruwa ba ɗaya ba ne, don haka ka san litar tankinka kafin ka je wurin likitan dabbobi: tsawo sau faɗi sau zurfi da santimita, a raba da 1,000. Wannan nawa 60 ne sau 30 sau 30, lita 54 ke nan. Bayan tsutsotsin sun mutu, a zuƙe gawarwakin, a canja ruwa, don ruɓewarsu na tayar da amoniya, wato sinadarin da ke guba ga kifi.

Magani ba ya ratsa ƙwansu, wasu za su ƙyanƙyashe daga baya. Bayan mako biyu zuwa uku, ka tashi cikin dare, ka haska tocila a nan, daidai inda tsakuwa ta haɗu da gilashi. In ka ga ɗan kai mai tsini, ɗauko sirinjinka.