Yadda ake koyar da riƙon amana a shugabanci da matsalolin wurin aiki

Assalamu alaikum. Malamai 'yan'uwana, duk ɗalibin da kuka tambaya ko cin amana abu ne mai kyau, zai ce a'a, ya ma jawo muku aya da hadisi. Wannan ɗalibin kuma shi ne gobe zai sa hannu a takardar da ya san ƙarya ce, don kawai maigidansa na tsaye a kansa. Ya san daidai sarai. Abin da bai taɓa gwadawa ba shi ne buɗe baki a lokacin da buɗe bakin ke da tsada. Aikin ajinmu ke nan.

Hanyar ba sabuwa ba ce. Makarantar koyon kasuwanci ta Jami'ar Harvard a Amurka ta fara koyarwa da labaran matsalolin kamfanoni tun shekarun 1920. Ana ba ɗalibi labari, a tsayar da shi daidai inda za a yanke shawara, a ce masa: kai ne a kujerar, me za ka yi?

Kada labarin ya wuce shafi ɗaya, kuma dole ɓangarori biyu su kasance da nauyi. In kuka rubuta "akawu ya ga kuɗi, ya sata ko ya bari", kun ɓata darasin, don babu abin tattaunawa. Ga wanda ke aiki: mai kula da sito ne, shugabansa, wanda shi ya samo masa aikin, ya ce ya sa hannu cewa kaya sun iso alhali suna hanya, saboda za a rufe lissafin shekara ranar Juma'a, in ba a biya ɗan kwangila ba kuɗin zai koma. Babu wanda ya ce zai ci kobo. Akwai alheri da aka yi masa, akwai kunyar babba, akwai iyali a gida. Nan ne za ku ga aji ya rabu biyu.

In kuna da minti 90, ku ba da goma na karatu, sannan kowa ya rubuta hukuncinsa da dalili ɗaya a takarda kafin a ce uffan. Wannan matakin kada ku tsallake shi. Idan kuka fara da muhawara, mai babbar murya ko wanda ya girmi sauran zai yi magana, saura su bi, musamman a wurinmu da ba a saba yi wa na gaba musu ba. Daga nan a kasa su biyar-biyar na minti 20, kowane rukuni ya lissafa wa zai cutu, wa zai amfana, da abin da dokar wurin aikin ta ce.

Sauran lokacin, mafi yawansa na gwaji ne. Ɗaya ya zama shugaban, ɗaya mai kula da sito, su yi maganar baki da baki a gaban aji. Ku umarci wanda ya zama shugaba ya matsa da gaske, da irin kalaman da ake ji kullum: kowa haka yake yi, sau ɗaya ne kawai, ni zan ɗauki nauyi, ka manta wanda ya kawo ka? Za ku sha mamaki. Wanda ya rubuta "ba zan sa hannu ba" da babban baƙi, minti biyu zai fara kame-kame. Ku tsayar, aji ya taya shi gyara kalamansa, ya sake. Amsa mai amfani takan zo da mafita: "Ranka ya daɗe, in na sa hannu masu binciken kuɗi suka zo, mu biyu za a kama. Bari in rubuta cewa kaya na hanya, mu nemi a ɗaga mana ranar."

Bayan labarin ƙirƙira, ku kawo na gaske, amma ku ɓoye ƙarshensa. Ɗauki Challenger, kumbon sararin samaniya na Amurka. Daren 27 ga Janairu 1986, injiniyoyin Morton Thiokol, kamfanin da ya ƙera rokar da ke harba kumbon, sun yi gargaɗin cewa zoben roba da ke toshe mahaɗar rokar ba zai riƙe ba a cikin sanyi, suka ce a dakata da harba shi. Manajoji suka keɓe, suka sauya shawara. Ku tsaya nan, ku sa aji ya yi zaɓi. Sai bayan sun zaɓa ku faɗa musu cewa washegari kumbon ya tarwatse daƙiƙa 73 da tashi, mutum bakwai suka mutu. In kuka fara da mutuwar, kowa zai zama gwani, alhali waɗanda ke ɗakin a daren ba su san gobe ba.

Labarin bankin Wells Fargo na Amurka kuma yana juya tambayar zuwa sama. A 2016 aka ci bankin tarar dala miliyan 185 saboda ma'aikata sun buɗe asusu da sunan mutane ba da saninsu ba, kuma an sallami ma'aikata kimanin 5,300. Ku tambayi aji: wa ya ɗora musu adadin cinikin da ba ya cimmuwa sai da maguɗi? A nan ɗalibi ke gane cewa shugaba na iya jefa dubban mutane cikin laifi ba tare da ya ce wa kowa ya yi ƙarya ba.

Abin da ya fi kashe wannan darasi shi ne malami da kansa. Da zarar ya ɗaure fuska ga wata amsa, ko ya koma wa'azi, ɗalibai za su daina tunani su koma neman abin da yake so ya ji. Ku kuma hana su kawo sunan ma'aikata ko na wani mutum da suka sani, don aji ba wurin tonon silili ba ne.

Wajen ba da maki, kada ku auna zaɓin da ɗalibi ya yi. Ku auna abu uku: ya gano duk waɗanda abin zai shafa, ya faɗi abin da zaɓinsa zai ja masa, kuma ya rubuta ainihin kalaman da zai faɗa wa shugaban nasa. Na ukun shi ya kamata ya ɗauki rabin makin.