Ali: Harafi Uku, Ma'ana Mai Nauyi

An rubuto daga laccar da aka gabatar bayan sallar Isha'i a Agege, Legas.

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan uwana. Ɗazu da nake shigowa na ji wata baiwar Allah tana ƙwala wa ɗanta kira, "Haidar! Haidar!" Na tsayar da yaron na ce, "Ya sunanka na yanka?" Ya yi shiru, bai sani ba. Wallahi abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa yau zan yi magana a kan sunan Ali.

Sunan Larabci ne, daga "uluwwu", wato ɗaukaka. Ali shi ne maɗaukaki. Kullum kuna furta kalmar a ƙarshen Ayatul Kursiyyu, "wa huwal Aliyyul Azim". Wanda ya fito da sunan a duniya kuwa Sayyadina Aliyu ɗan Abi Ɗalib ne, Allah Ya ƙara masa yarda, mijin Nana Faɗimatu, baban Hasan da Husaini, halifa na huɗu daga 656 zuwa 661.

A ƙasar Hausa sunan ya daɗe. Sarkin Kano Yaji, wanda Wangarawa suka zo a zamaninsa, sunansa Ali. Ga Sarkin Musulmi Aliyu Babba ɗan Muhammadu Bello, ga Sarkin Kano Alu da ke kan gado lokacin da Turawa suka ci Kano a 1903. Muka ce Aliyu, muka ce Alu, maƙwabtanmu Yarbawa suka ce Aliu. Ko Muhammad Ali ɗan dambe, da ya zo Legas ɗin nan a 1964, ba wanda sunan ya yi wa wuyar faɗa.

To, ina Haidar ya shigo? Alkunya ce. An sa wa yaro sunan kakansa, uwa ba za ta iya kama sunan surukinta ba, sai ta ce Haidar, wato zaki, ko Gadanga, daga kirarin nan "Gadanga ƙusar yaƙi". Wannan tarbiyya ce mai kyau, ina sonta, kada a bari. Amma a gida Arewa akwai kaka da gwaggo masu gaya wa yaro sunan wa ya ci. Nan Legas fa? Daga ɗaki sai makaranta, malami ya rubuta Haidar a rajista, shi ke nan.

Don Allah iyaye mata, in nauyin faɗa kuke ji, ku sa baban ko kawunsa ya zaunar da shi ya gaya masa. Yaron ɗazun na riga na gaya masa, ga shi can a sahun baya yana ta murmushi.